A Bar Katako da Fuskarsa, a Kai Fenti Bakin Ƙofa

Saura sati uku a ɗaura auren ɗiyar ƙanwata, na shiga gidanmu na gado a nan Dogon Dutsi bayan la'asar, sai na tarar an fiddo kabad ɗin Inna tsakar gida an girke shi ƙarƙashin dogon yaro. An kwashe tasoshin da ke ciki, an yaye zanen da ke rufe da shi tun rasuwarta. A gefe ga gwangwani biyu na farin fenti, ga sabon burushi ko ledarsa ba a cire ba.

"Yaya, gara da ka zo," in ji ƙanwata. "Gobe da safe mai fenti zai zo ya shafe shi, mu samu ya bushe kafin ranar jere."

Na ce, "Shawarar wa ce wannan?"

Ta ce, "Gwaggo ce. Ta ce gadon da aka sayo fari ne, ƙofar ɗakin fara, taga fara, to shi kaɗai zai tsaya ja a tsakiya kamar wanda ba a gayyata ba. Kuma dangin ango za su ce tsohon kaya muka kai."

Ban ja maganar ba, domin duk wanda ya san gidan biki ya san ba a musu da Gwaggo a bayan idonta, balle a gabanta. Na dai roƙi a ba ni kwana biyu. Abin da na yi ta juyawa a raina cikin kwana biyun nan shi nake so in shimfiɗa wa iyaye da ƴan uwana malamai, saboda na lura maganar ta wuce kabad ɗaya a gida ɗaya. Kusan duk gidan da na shiga a ƴan shekarun nan, daga Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Kore Mairuwa, abu guda nake gani. An ɗauki fenti an bi komai da shi, bango da ƙofa da kabad da teburi, har kujera ƴar tsugunno ba ta tsira ba. Ni kuwa a ganina katakon kirki a bar shi da fuskarsa, a shafa masa ɗan rini da barni in yana bukata, fenti kuma a kai shi inda aikinsa yake, wato firam ɗin ƙofa da na taga da layin nan da ake ja a gindin bango. Abin da ya rage bayan haka shi ne a zauna a zaɓi launin da zai zauna lafiya da katakon, kuma a nan ne akasarinmu muke gaggawa.

Kabad ɗin nan, wanda mu nan muka fi sani da armuwar, mahaifinmu ne ya sa aka yi wa Inna shi ina ɗan aji biyu a lakwal. Madaci ne tun daga ƙafa har kai, bayansa ma katako ne sosai. Sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi. Ya ga damina fiye da arba'in, ya sha ƙaura daga ɗaki zuwa ɗaki, akwai shekarar da gara ta ci rufin ɗakin da yake ciki ta bar shi tsaye. In ka goge shi da tsumma mai ɗan danshi sai jan nan nasa ya taso, mai duhu kamar ruwan goro, jijiyoyin itacen suna tafiya a jikinsa wani wuri a miƙe wani wuri a murɗe. Ƙofarsa ta hagu tana da wani tabo inda reshe ya taɓa fitowa. Muna yara muna cewa idon kabad ne, yana ganin wanda ya saci sukari.

To, je ka wurin kafinta yau ka ce a yi maka irinsa. Abin da za ka fi tararwa a rumfunansu shi ne farin katako mai laushi, da falle-fallen katakon nan da ake mannawa da gam, da wanda ya fi su muni, garin katako da aka matse aka lulluɓe da takarda mai ƙyalli. Jan katako akwai shi, sai dai farashinsa ya sa mutum ya yi shiru. Ƙasarmu ba ta da dajin da ake yanko katako, kusan duk abin da kafintocinmu ke aiki da shi daga kudu yake zuwa, daga Nijeriya da Benin da Gana da Kwaddibuwa. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023, kayan da ke biyowa ta hanyar Kwatano suka ƙara nisa da tsada. A nan gida kuwa, Dallol Mawri gawo ya fi yawa a cikinsa, can kudu wajen Gaya giginya, kuma dukansu ba itacen kabad ba ne. Ƴan madatan da suka rage tsaye, masu neman magani sun saɓule musu ɓawo har inda hannu ya kai, kuma ko ba haka ba, ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Madobiya ma labarinta ya fi ban tausayi. Kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin ta yi ta zuƙe ta daga dazuzzukan Afirka ta Yamma kwantena bayan kwantena, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa cinikinsu ido, a 2022 kuma aka dakatar da fitar da ita daga ƙasashen yankin da dama. Saboda haka wanda ke da kabad ko teburi na madaci ko madobiya a ɗakinsa yau, yana riƙe da abin da da wuya kuɗinsa su sake saya masa.

Irin wannan abu ne ake so a rufe da farin fenti don ya yi kama da garin katako mai ƙyalli. Kuma fenti ba riga ba ce da za a tuɓe bayan biki. Yana shiga cikin ƙananan ramukan itace ya zauna. Ranar da amarya ta gaji da farin ta ce tana son jan kakarta, sai an yi kwanaki ana kankara ana gogewa da samfefa, kuma ko an gama za a bar fari-fari a lunguna da cikin jijiyoyin. Aikin awa biyu ne shafa shi, cire shi kuwa har abada ba ya kammala.

Na san haka ne domin ni ma na taɓa yi. Shekarar da aka fara tura ni koyarwa, wani ƙauye arewa da Dutsi, na tarar da tsohon kabad na jan katako a ajin da aka ba ni. Ina ɗan saurayi mai zafin nama, ina so sufeto ya zo ya ga aji yana walƙiya. Na sayi shuɗin fenti da kuɗina na shafe shi tas, na ja da baya ina jin daɗi. Damina ta zo katako ya sha danshi ya kumbura, hunturu ya zo ya bushe ya tsuke, kafin shekara ta zagayo fentin ya tsattsage a duk inda katako biyu suka haɗu. Yara suka gano wurin, suka riƙa ɓanɓararsa da farce. A shekara ta biyu kabad ɗin ya koma kamar mai ƙyasbi, shuɗi nan ja can. Tsohon daraktanmu bai yi mini faɗa ba, ya dai dube shi ya ce, "Mushe, wannan ya shekara ashirin a nan bai roƙi kowa fenti ba."

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne katako ko an yanke shi bai daina motsi ba. Kowa ya san ƙofar katakon da ke ƙin rufuwa a watan Agusta, a watan Maris kuma ta buɗe baki har ana hango tsakar gida. A wuri irin namu, inda iska ke tashi daga danshin damina zuwa bushewar hunturu mai fasa leɓe, motsin nan yana da yawa. Fenti fata ce mai kauri a saman itace, in itacen ya motsa sai ta tsage, kuma tsagar tana bayyana sosai saboda launin ƙasa da na sama sun bambanta. Rini kuwa shiga yake cikin itacen, barni kuma siriri ne ana ganin abin da ke bayansa. In ya ƙwarzane, ƙwarzanen ja ne a kan ja, a ɗan goga a sake shafawa shi ke nan. Sannan ga ƙura. Wanda ya zauna gindin duwatsun nan namu ya san kalar ƙurarmu, ja ce, kuma tana shiga ko an rufe taga. Farin kabad a Dutsi sai an goge shi safe da yamma, wurin da hannu ke kamawa kuma cikin wata uku ya yi baƙi. Jan katako da jar ƙura kuwa ƴan gida ɗaya ne.

Amma Gwaggo tana da gaskiyarta, kuma ba zan ɓoye ba. Jan kabad mai duhu a tsakiyar ɗakin da komai nasa fari ne ƙal yana tsayawa ne kamar an manta shi a can. Idonta ya ga matsala ta gaske, maganin da ta kawo ne ban yarda da shi ba. In abu biyu ba su dace ba, sai a canja wanda sauya shi ke da sauƙi da araha. Firam ɗin ƙofa da taga dole ne ma a yi musu fenti, domin a garuruwanmu yawancinsu ƙarfe ne daga wurin masu walda, in an bar su tsatsa ta cinye. Tun da fentin nan ba makawa za a saye shi, me zai hana a zaɓe shi da kabad ɗin a zuciya?

Ga abin da na koya, rabi daga kafintoci rabi daga kura-kuraina. Katako mai ja, irin madaci, ba ya son fari ƙal mai ɗaukar ido kusa da shi. Farin nan na alli yana sa jan ya yi kamar datti. Abin da yake so shi ne fari mai ɗan ɗumi, ruwan madara, irin farin nono da aka ɗan bari. Yana kuma zama lafiya da ruwan toka mai haske, da kore mai sanyi wanda bai yi ihu ba, irin koren ganyen gawo. Katako mai ruwan zuma, wanda ya fi karkata zuwa rawaya, shi kuma yana son shuɗi mai duhu ko toka, domin suna fito da haskensa. In ka sa masa ruwan ɗorawa a gefe sai su yi ta gasa, ɗakin ya yi zafi a ido tun ba a shiga bazara ba. Kuskuren da na fi gani, kuma wanda masu shi ke ɗauka dabara ce, shi ne a sayo fenti ruwan ƙasa a shafa wa ƙofa wai don ta yi kama da kabad. Ba ta taɓa yin kama. Fenti launi ɗaya ne shimfiɗe, katako kuwa launi biyar ne ko shida a haɗe, saboda haka in an jera su sai ido ya ce an yi ƙoƙarin daidaitawa an kasa. Gara a bambanta su sarai yadda kowa zai san da gangan aka yi. Ko a tufafi haka ne, mai babbar riga fara da hula baƙa ya fi mai riga da hular da suka kusa zama ɗaya amma ba su zama ba.

Sannan kada a yarda da launin da ke jikin murfin gwangwani, kuma kada a zaɓa a bakin shago cikin rana tsaka. A karɓi ɗan kaɗan a shafa a guntun katako ko kwali, a bari ya bushe, a jingina shi jikin kabad ɗin a cikin ɗakin da zai zauna. A dube shi da hantsi, a dube shi da la'asar, a kuma dube shi da dare, domin ƙwan lantarkin zamani da fitilar sola haskensu yana da shuɗi-shuɗi, launin da ya yi kyau da rana yana iya komawa kamar na ɗakin asibiti bayan isha'i. Amarya kuwa baƙinta da dare suka fi zuwa. Launuka kuma kada su wuce uku a ɗaki: na bango, na firam, da na katako. Labule da zanen gado da kwanukan jere za su kawo sauran, har ma su yi yawa.

Wannan fa ba ilimin Turawa ba ne da aka kwaso daga Facebook. Iyayenmu mata sun san shi tun ba a kawo gwangwanin fenti kasuwa ba. Ɗakin tsohuwa a ƙauye, bango an shafe shi da farar ƙasa, ƙasa an yi daɓe an zuba makuba ta yi duhu tana sheƙi, sama ga azara da launinta, ga ƙore a jere da zanen wuta a jikinsu, ga akushi baƙi wuluk. Ba wadda ta taɓa tunanin ta shafa wa ƙwarya farar ƙasa don ta dace da bango. Kowane abu an bar shi da launin abin da aka yi shi da shi, kyan ɗakin kuma daga zamansu tare yake fitowa. Mu ne da muka samu fenti da araha muka ɗauka tsabta ita ce komai ya zama launi ɗaya.

Ban ce kowane katako ya cancanci a bar shi tsirara ba. Farin katako mai laushi da falle-falle ba su da wata fuska da za a nuna, kuma rini a kansu dabbare-dabbare yake fitowa. Irin waɗannan fenti rufin asiri ne a gare su, a shafa musu. Kuma na san kafintocin da ke yi wa farin katako jan rini mai kauri su sayar wa mahaifin amarya a matsayin jan katako. Mai saye ya buɗe ƙofar kabad ya duba ciki da ƙarƙashi, ya danna farce a wurin da ba a shafa ba, ya kuma gwada ɗagawa. Nauyi ba ya ƙarya.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na ga maganar nan ta shafi malamai da iyaye kai tsaye, ba masu gyaran ɗakin amarya kaɗai ba. Wasu fentocin mai, musamman masu launi mai ƙarfi irin rawaya da ja da ruwan lemo da kore, ana haɗa su da dalma, haka ma wasu daga cikin jan fentin nan na hana tsatsa da ake fara shafa wa ƙarfe. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa. Ba ta sa zazzaɓi balle a ruga asibiti, a hankali take rage wa yaro fahimta da natsuwa, kuma abin da ta rage ba ya dawowa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga mafi munin fuskarta a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tasu daga dutsen zinariya ta fito da ake niƙawa a cikin gidaje, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. A 2020 wani rahoton UNICEF ya ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya yana da dalma a jininsa fiye da kima. Duniya ta daɗe da sanin haɗarin: tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar hana amfani da farar dalma wajen fentin cikin gine-gine, Amurka ta hana fentin dalma a gidaje a 1978, Kamaru kuma ta kafa dokarta a 2017 a kan ma'aunin da aka fi yarda da shi yanzu, wato kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Duk da haka binciken da aka yi a kasuwannin ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya inda kayanmu da yawa ke fitowa, ya sha gano fentocin mai da suka zarce wannan ma'auni nesa ba kusa ba.

Fenti yana lafiya a jikin bango ba shi ne abin tsoro ba. Haɗarin yana farawa ne ranar da ya soma ɓarewa ya zama gari, ko ranar da aka zo aka goge shi da samfefa a bushe ƙurar ta bazu a tsakar gida. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki. Yanzu a tuna da kabad ɗina na shuɗi da yaran da ke ɓanɓararsa da farce, sannan su fita shan iska su ci ƙosai da hannun nan ba wanki. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Shi ya sa nake cewa duk abin da hannun yaro ke kai wa kullum, ƙofar kabad, saman teburi, bencin aji, gadon jariri, a rage masa fenti iyakar iyawa. Inda fenti ya zama dole, a nemi na ruwa in wurin zai karɓa, domin shi ba kasafai ake sa masa dalma ba. In na mai ne, a duba gwangwanin a ga ko an rubuta babu dalma, da Faransanci ana rubuta sans plomb. Wanda ake aunawa a kwalba ba suna ba takarda, a bar wa mai shi. Barni ma ban rantse masa ba, shi ma a sayi mai suna a rufe, a shafa shi a waje, a bar shi ya bushe sosai kafin ya shiga ɗakin da yara ke kwana. Tsohon fenti kuma in za a kankare, a jiƙa shi tukuna, a kori yara da mata masu ciki daga wurin, a kwashe garin a binne nesa da rijiya.

Ga ƴan uwana da ke cikin kwamitin COGES da ƙungiyar iyayen yara, kowace shekara in Oktoba ta gabato, ɗan abin da aka tara sai a ce a sayo fenti a gyara aji. Niyyar tana da kyau. Amma na sha ganin an bi teburan yara da fentin mai, saman da suke kifa kai a kai, suke cin abinci a kai, suke tauna gefensa in lissafi ya yi wuya. Kuɗin nan da an kira kafinta ya ɗaure ƙafafun da ke rawa, ya buga ƙusoshin da suka fito suna yaga wando, ya goge saman ya shafa barni, da teburan sun fi daɗewa. Fentin a kai shi ƙofa da tagogin ƙarfe da gindin bango, launi ɗaya mai sanyi, sai a ga ajin ya fito fes kuma an kashe ƙasa da abin da aka saba.

Akwai kuma abin da yaro ke koya daga teburin da ba a rufe masa fuska ba. Na taɓa tsayar da darasin aikin hannu, wanda muke kira APP, na ce kowa ya duba saman teburinsa ya gaya mini ta ina itacen ya tsaya lokacin yana da rai. Aji ya kaure. Wani ya gano tabon reshe, wata ta lura katakon tsakiya da na gefe ba itace ɗaya ba ne, wani ɗan kafinta da bai taɓa ɗaga hannu a ajina ba ya tashi ya yi mana bayanin yadda ake tsaga gungume, har da abin da ya sa wani katakon ke lanƙwashewa wani ba ya yi. Ranar ce ta farko da ƴan ajin suka saurare shi. Muna ta kukan yaranmu sun raina sana'ar hannu, kowa ofis yake so, alhali a gida mun nuna musu cewa aikin kafinta abin ɓoyewa ne a ƙarƙashin fenti, abin alfahari kuma shi ne mai ƙyallin da aka sauke daga mota, wanda damina biyu ke kumbura masa ƙafafu ya zube.

Da kwana biyun suka cika na je wurin wani tsohon kafinta a unguwarmu na kawo shi gida. Ya zagaya kabad ɗin, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya ja aljihunsa ya mayar, sannan ya tambayi wanda ya yi shi. Da na faɗa masa sai ya ce a wurin yaron mutumin ya koyi aiki. Ya wanke shi, ya bi shi da samfefa mai laushi, ya shafa barni sau biyu, ya canja maƙullin da ya lalace. Farin fentin kuma na mayar shago aka canja mini da ruwan madara, shi aka shafa wa firam ɗin ƙofa da taga, gindin bango aka ja masa ruwan toka.

Ranar jere na tsaya daga bakin zaure, tun da ba wurin maza ba ne. Can sai ga Gwaggo ta aiko a kira ni. Na same ta tsaye a ƙofar ɗakin amarya ta riƙe ƙugu.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ga ni."

Ta ce, "Kai ne ka hana a shafe shi ko?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo. A yi mini haƙuri."

Ta daɗe tana kallon cikin ɗakin. Sannan ta ce, "Gadon ne bai dace da shi ba. Da na sani da ba a sayo farin nan ba." Ta juya ta ce wa ƴan matan su ɗauke kwanukan da suka jera a gabansa su mayar gefe, suna tare ƙofar hagu.